Kwandunan Baba Laraba

Najiba ta shiga sana'ar biskit ne a shekarar da ta daina zuwa gidajen biki yin ƙunshi. Tun tana budurwa aka san hannunta a Ƙanƙara wajen zanen lalle, har amare kan ɗage ranar kamu don su same ta. Bayan haihuwarta ta biyu ciwon baya ya hana ta dogon durƙuso gaban ƙafafun mutane, sai mijinta Malam Salihu, wanda ke koyarwa a firamare, ya sa wani mai walda ya haɗa mata tanderun ƙarfe mai aiki da gawayi. Kwaɓin a waya ta koya. Ta ƙona filawa ba kaɗan ba kafin ta gane halin wutar, amma da ta gane, sai ta zo da abin da babu mai yin irinsa a garin. Takan kaɗa farin ƙwai da garin sukari har ya yi kauri, ta raba shi kala-kala, ta ɗura a 'yar leda mai tsini irin wadda take zuba lalle a ciki, sannan ta bi biskit ɗin ɗaya bayan ɗaya tana zana masa fure da reshe da 'yan ɗige-ɗige, kamar bayan hannun amarya. Mata kan saya su riƙe suna juyawa, suna jin nauyin kai shi baki.

A cikin gari babu matsala. A jera a tire, a rufe da faifai, a miƙa gidan suna ko gidan biki, shi ke nan. Wahalar ta zo ne da sunanta ya fita waje. Wata mata a Sabuwa ta ga hotunan a wayar ƙanwarta, ta aiko a yi mata na sunan jikarta. Yini biyu cur Najiba ta yi tana zane. Ta samo kwalin taliya, ta shimfiɗa takarda, ta jera su hawa-hawa a kwance, ta naɗe kwalin da salatif har ba a ganin rubutunsa, ta kai tasha da kanta ta roƙi direba ya lallaɓa. Washegari matar ta turo hoto, ta biyo shi da saƙon murya. Ba ta yi faɗa ba, kuma da faɗan ta yi da ya fi wa Najiba sauƙi. Cikin raha ta ce kaya sun iso, sai dai gari suka iso. Yara sun zuba a koko sun sha, sun ce da daɗi, Allah ya saka da alheri. Najiba ta buɗe hoton ta ƙara girmansa da yatsu biyu. Ko fure ɗaya bai tsira da ganyensa ba.

Kwana uku ba ta hura tanderu ba. A na huɗu da hantsi ta zauna gindin darbejiyar tsakar gida da wani kwalin da ragowar biskit goma sha biyu, tana jerawa tana kwashewa, tana neman inda ta yi kuskure. A haka Baba Laraba ta ishe ta.

Baba Laraba tsohuwa ce da ke zaune a gidan haya bayan nasu tare da ɗanta Samuel, mai facin taya a bakin tasha. Mutanen wani ƙauye ne na gefen Mabai. Shekara biyu ke nan da 'yan bindiga suka tashe su, suka bar gona da rumbu suka shigo gari. Kirista ce, ko da yake in magana ta yi zafi har yanzu da aradu take rantsuwa irin na iyayenta. Kullum takan shigo ɗiban ruwa a rijiyar gidan, ta gaisa, ta cika bokitinta ta tafi. Iyakar abin da Najiba ta sani game da ita ke nan, sai kuma cewa bokitin nan yakan cika har baki, amma ba a taɓa ganin ya jiƙa mata kafaɗa ba.

Ranar ba ta tafi ba. Ta ajiye guga ta tsaya tana kallo.

"Ɗiyata, wannan kwalin da kike ta juyi da shi tun ɗazu, mi ya yi maki?"

Najiba ta so ta ce babu komai, amma abin ya cika mata ciki, sai ta kwashe labarin Sabuwa ta faɗa, har da kokon. Tsohuwar ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ce sai haƙuri ba. Ta goge hannu a zane, ta ce a jera su kamar yadda aka jera ran nan, a rufe. Da aka rufe ta ɗaga kwalin ta kara a kunne, ta girgiza shi a hankali. Ciki ya ce ƙwas-ƙwas.

"Kin ji su? Magana suke yi. Kayan da ke magana tun a gida ba su kai Sabuwa da rai." Ta sake girgizawa. "Ba hanya ke fasa kaya ba. Wurin motsin da kika bar masu, shi ke fasa su."

Najiba ta tambaye ta inda ta san wannan. Baba Laraba ta kife turmi ta zauna, karo na farko da ta taɓa zama a gidan. Ashe shekara talatin da 'yan kai ta yi tana fataucin ƙwan zabi. Da damina takan bi rugage da ƙauyuka tana tarawa, ranar kasuwa ta ɗauko zuwa Ƙanƙara, da fari a ƙafa, daga baya a bayan akori-kura tsakanin buhuna da awaki. Kwando ɗaya kan ɗauki ƙwai ɗari uku. Uwar mijinta ce ta koya mata jeri, wata mai ginin tukwane da kan ɗora wa jaki tulu takwas ta kai su kasuwa babu ko tsaga. In ƙwai ya fashe a hanya, matar nan ba ta zagi, ba ta duka. Sai dai ta zaunar da ita ta ce ba za a ci tuwo ba sai an gano abin da ya fasa shi.

Najiba ta saurara tana kallon hannuwan tsohuwar, yatsun duk sun lanƙwashe, tafin ya yi kanta. Shekara biyu matar nan na shiga gidanta tana fita, ita kuwa tana can tana neman dabara a waya.

Ba a yi mako ba sai ga kira daga Daudawa. Hajiya Suwaiba, wadda ta taɓa cin biskit ɗin a wani biki a Ƙanƙara, za ta yi walimar saukar karatun ɗiyarta nan da mako uku. Tana son ƙunshi arba'in na rabon manyan baƙi, kowane da biskit shida. Najiba ta ce za ta yi shawara, ta kashe waya. Hanyar Daudawa ba ta fi ta Sabuwa kyau ba, ga shi ƙarshen damina ne, ruwa ya gama cin titi. Ta faɗa wa Malam Salihu cewa ba za ta karɓa ba. Shi kuwa ya ce ba zai sa ta ba, ba zai hana ta ba, amma kafin ta mayar da amsa ta leƙa bayan gida ta ji ta bakin Baba.

Baba Laraba ta ce a karɓa. Ta ce za ta saƙa 'yan kwanduna na kaba masu murfi, daidai girman biskit ɗin, a cike tsakani da busasshen ɓawon masara, tunda sabuwar masara ta fara shigowa, ɓawo ko'ina zube.

Najiba kuwa abin da ke ranta daban ne: 'yan robobi masu haske da kintinkiri mai ruwan gwal, irin waɗanda take gani a hotunan masu sana'ar na Kaduna da Abuja. Har ta riga ta sa an kawo mata samfur daga Funtuwa. Kaba da ɓawon masara kuwa, a wurin walimar da za a zo daga birane, sai ta ga kamar za a ce ƙauyanci. Ba ta iya faɗa wa babba haka kai tsaye ba, sai ta yi ta kewaye, tana cewa baƙin Hajiya 'yan boko ne, daga Zariya wasu za su zo, wasu daga Kaduna.

"Kina jin kunyar ɓawon masara ke nan," in ji tsohuwar, tana murmushi. "Babu laifi. Kawo robar taki, ki jera yadda kike so. Ni ma in jera nawa. Sai mu bar hanya ta raba gardama."

Kwana biyu bayan nan tsohuwar ta zo da kwando ɗaya da ta saƙa. Aka sa shida a roba, shida a kwando. Samuel ya ɗaure su bayan babur ɗinsa, uwar ta ce ya bi ta bayan kasuwa inda ramuka suka fi yawa, ya kai ƙarshe ya dawo, kada kuma ya tausaya wa kowa. Da ya dawo aka buɗe. A robar huɗu sun karye, biyun da suka rage adonsu ya goge a jikin murfi. A kwandon kuwa duka shida na tsaye yadda aka sa su.

Najiba ta sunkuyar da kai tana jiran a ce ai na faɗa maki. Ba a ce ba. Baba Laraba ta ɗauki ɗaya daga cikin 'yan fararen ledojin da Najiba ta saya tare da robobin, ta ɗaga ta a rana tana dubawa. Ta ce wannan kam abu ne mai kyau, kada a yar. Ƙwai ba shi da fuskar da zai nuna wa kowa, shi ya sa ake binne shi cikin ƙaiƙayi, amma waɗannan fuskarsu ce kuɗinsu. A sa kowane a ledarsa, ɓawo ba zai taɓa adon ba, laima ba za ta shiga ba, kuma mai buɗewa zai ga furen kafin ya kai hannu. Ta ƙara da cewa takardar nan mai manne da ke ɗauke da sunan Najiba da lambar wayarta, a samar mata wuri a kan murfi.

Washegari aiki ya kankama. Tsohuwar ta kira wasu mata biyu 'yan ƙauyensu da su ma ke zaman gudun hijira a gari, suka baje gindin darbejiya daga hantsi zuwa la'asar. Ta karya tsinke daidai faɗin biskit, wani daidai kaurin guda biyu, ta ce waɗannan su ne ma'auni, duk kwandon da ya saɓa masu a kwance shi. Ta dafa karan dafi ta rina wani sashe na kabar ya yi ja, ana ratsa shi a murfi zobe biyu. Najiba kan leƙo daga wajen tanderu ta tsaya kallo. Yatsun nan da suka lanƙwashe suna tafiya cikin kaba kamar suna da idonsu na kansu, mai su tana can tana ba da labarin wata zabuwa da ta taɓa yi mata ƙwai cikin rumbun maƙwabci. Wata rana ɗaya daga cikin matan ta gama kwando mai kyan gaske, Baba Laraba ta sa tsinke ta ga ya ɗara da kaurin farce, ta miƙa mata ta ce a kwance. Matar ta yi ƙunƙuni, ta kwance.

Ɓawon ma ba kowane ta yarda da shi ba. Na ciki mai laushi kawai ake zaɓa, a wanke, a shanya a kan tabarma yini biyu, a yayyage shi siri-siri, a murza a tafin hannu har ya yi taushi kamar auduga.

Saura kwana uku walima Najiba ta gasa, ta yi zane: fure kore da fari, wasu da ɗan allo a tsakiya saboda saukar karatu ce. Ta so ta ƙulle su a leda da zarar adon ya bushe a ido. Baba Laraba ta ƙwanƙwasa ɗaya da farce, ta ce sama ne ya bushe, ciki da saura. Aka jera su a fayafai kan tebur, aka rufa masu gidan sauro saboda ƙuda, aka tsoma ƙafafun teburin cikin gwangwanaye masu ruwa saboda kiyashi, suka kwana. Da safe ma ta hana, ta ce iska na ɗauke da raɓa, duk wanda ya ƙulle leda yanzu ya ƙulle laima a ciki. Sai da rana ta take sannan aka kunna kyandir, Najiba na sa kowane a ledarsa tana manne bakin da harshen wuta.

Jerin kuwa na tsohuwar ne. Ba a kwance ake sa su ba, a tsaye ne kan gefensu, biyu-biyu baya da baya, ado na kallon waje. Ɓawo a ƙasa, ɓawo tsakanin kowane biyu, ɓawo a sama har sai murfi ya ɗan yi gardama kafin ya zauna. Ta nuna wa Najiba sau uku, sannan suka raba aikin. Duk kwandon da aka rufe sai ya bi ta kunnen Baba Laraba. Wanda ya yi shiru ya wuce, wanda ya ce uffan a buɗe a ƙara ɓawo. Daga nan aka shirya su cikin manyan adudu uku, aka toshe kowane lungu, aka lulluɓe da babbar leda saboda ruwa, aka ɗaure da igiya.

Najiba ta yi niyyar raka kayan ita kaɗai. Da safiyar tafiya sai ta ga tsohuwar a ƙofar gida da sabon zane da takalmin roba. Ta ce Samuel ya yi ta magana, ta faɗa masa ba ta taɓa jera kaya ta bar wani ya gano mata yadda suka isa ba.

Motar Ubale suka shiga, direban da ya saba bin hanyar Sheme. Ya buɗe but zai cusa adudun tare da buhunan wasu, Baba Laraba ta ce a'a, bayan mota shi ne inda tsalle ya fi yawa. Suka kama kujerar baya su biyu, adudu ɗaya a tsakiya, ɗaya a cinyar kowa. Da wuri suka tashi, don hanyar nan ba mai son la'asar ta same shi a kanta.

Da suka kusa Mabai tsohuwar ta juya fuska waje. Can ta nuna wa Najiba wani layin giginya, ta ce bayansa hanyar ƙauyensu take. Gonaki na nan kore shar, dawa ta fitar da kai, wasu mutane na karyar masara a bakin hanya.

"Ashe an koma noma," ta ce, kamar da kanta take. Najiba ta ga tafin hannunta ya kwanta kan murfin adudun yana shafa shi a hankali, har suka bar giginyun a baya.

Sun wuce Ruwan Godiya da kaɗan suka ishe motoci tsaitsaye. Ruwan da aka yi jiya ya cinye gefen wani kwalbati, rafi ya hau hanya yana gudu jawur. Mota ba ta wucewa. Direbobin wannan gefe da na wancan suna musayar fasinja, mutane na naɗe wando suna tsallakawa a ƙafa, ruwan ya kai gwiwa. Wasu ƙarti na ɗaukar kaya a kafaɗa, su ruga, su dire a ƙetare kamar masu sauke siminti. Najiba ta dube su, ta dubi adudun. Ɗaya daga cikin ƙartin har ya kama igiya zai saɓa, Baba Laraba ta ɗora hannu a kai.

"Ajiye, ɗana. Wannan ba buhu ba ne."

Ta cire takalmi ta soke a ƙugu, ta tattare zane zuwa gwiwa, ta naɗe mayafinta ta yi gammo. Ta ce Ubale da Najiba su ɗora mata, amma a miƙe, kada a karkata. Najiba ta roƙe ta ta bari, ta ce gara biskit ya karye da a ce wani abu ya same ta. Tsohuwar ta ce ta tsallake rafin da ya fi wannan da ƙwai a ka da goyo a baya, a ɗora mata kawai.

Ta shiga ruwan. Ba ta yi sauri ba. Kowace ƙafa sai ta laluba ƙasa ta sami wurin zama kafin ɗayar ta tashi. Ƙugunta na lanƙwasa, kafaɗunta na juyawa da ƙarfin ruwa, amma adudun na bisa kanta kamar an ajiye shi a kan tebur. A tsakiya ƙafarta ta zurma rami, ruwa ya kai mata cinya, jikinta ya tafi gefe guda. Najiba ta toshe baki da hannu. Wuyan tsohuwar ya karkace ya bi kayan, ta tsaya cak har ta daidaita, sannan ta zaro ƙafar ta ci gaba. Hayaniyar bakin rafin ta lafa. Har ƙartin nan sun tsaya da kaya a kafaɗa suna kallo.

Ta dire na farko a busasshen wuri, ta dawo ta ɗauki na biyu, wannan karon ta kauce wa ramin. A na uku Najiba ta ga numfashinta ya yi sama, ta sake roƙo.

"Aradu ban saƙa su don in bar ɗaya a gaɓa ba," in ji ta. "Ke dai riƙe jakarki ki biyo sawuna."

Najiba ta biyo ta, babu komai a hannunta sai jaka da takalmi, duk da haka sau biyu tana tangaɗi. A ƙetare tsohuwar ta zauna kan dutse tana mayar da numfashi. Najiba ta durƙusa za ta matse mata gefen zane, ita kuwa ta jawo adudun ɗaya bayan ɗaya tana kara kunne.

Wata motar ta kai su Sheme, daga nan Daudawa, ana kiran azahar. Gidan Hajiya Suwaiba cike yake da mata da ƙamshin girki. Aka shimfiɗa tabarma a ɗaki aka kwance igiyoyi. Hajiya ta ɗauki kwando ɗaya tana juya shi tun kafin ta buɗe, ta kira 'yan'uwanta da suka zo daga Zariya su zo su gani. Da ta ɗaga murfi ta janye ɓawon, furanni shida suka leƙo ta cikin leda, ko ɗigo ɗaya bai goge ba. Wata daga cikin baƙin ta ce ita kwandon ma ya ishe ta tsaraba, a ciki za ta riƙa ajiye 'yan kunne. Wata ta ciro waya ta ɗauki lambar da ke kan murfi.

Baba Laraba ba ta tsaya jin yabo ba. Ta nemi izinin Hajiya a buɗe duka arba'in ɗin. Aka yi ta buɗewa ana rufewa, lafiya lau, sai a na talatin da wani abu aka sami biyu sun tsage a gefe. Najiba ta yi saurin cewa tabbas cikin waɗanda ita ta jera ne, hannunta bai gama faɗawa ba. Hajiya ta ce don Allah a bar zancen, biyu cikin wannan tuli ai ba a kira shi ɓarna ba, ga kuma 'yan ƙari da aka zo da su.

Tsohuwar ta karɓi kwandon ta duba ɓawon, ta ga ya isa. Ta mayar da murfin, ta ɗan taɓa shi da yatsa, ya motsa.

"Ba jerinki ba ne, ɗiyata. Jeri ya yi. Murfin ne ya yi sako-sako, kuma saƙata ce, na gane bakin. Ranar da idona ke ruwa na yi shi, ban sa tsinke ba."

Ta kwance gefen zanenta ta zaro 'yar kabar da ta ƙulle a ciki, ta zauna nan bakin ƙofa, mata na tsallake ta da tirori, ta ƙara wa murfin zagaye ɗaya. Sai da ya kama gam ta sa sababbi biyu ta miƙa wa Hajiya. Najiba na tsaye tana kallonta. Ta ga masu sana'a da yawa a rayuwarta, ita kanta an sha yabon hannunta, amma ba ta taɓa ganin wanda aka ba hanyar tsira daga laifi ya ƙi bi ba, a kan abin da babu mai ganewa in ba shi ba.

Daga wannan walimar aiki ya buɗe. Aka kira daga Faskari, aka kira daga Funtuwa. Matar Sabuwa ma Najiba ta aika mata da kwando biyu kyauta ba tare da ta tambaya ba, matar kuwa ta turo hotonsu a kan tebur, ta ce wannan karon yara sun yi fushi, babu na koko.

Da kaka ta kama sosai labari ya zo cewa mutanen ƙauyen su Baba Laraba sun fara komawa, har an gyara rufin wasu ɗakuna. Samuel bai so ba, amma uwar ta ce ita zaman gari ya ishe ta, tana son ta mutu inda take jin kukan zakaran da ta sani. Matan nan biyu za su zauna su ci gaba da saƙar. Sai dai ta ce ba za ta tafi ba sai Najiba ta iya rufe bakin murfi da hannunta, don wanda bai iya abu ba ba ya gane in an yi masa na banza.

Mako guda suka yi a kai. Kaba ta yanka Najiba a yatsu har ta kasa riƙe ledar zane yini guda. Murfin farko da ta gama, tsohuwar ta dube shi ta kwance shi duka. Na biyu ta kwance rabi. Na uku ta daɗe tana juya shi, har Najiba ta fara murna, sannan ta nuna mata wuri ɗaya da kabar ta hau kan 'yar'uwarta, ta zare. Na huɗu Najiba ta yi shi ranar jajibirin tafiyar, kayan tsohuwar na ɗaure a zaure. Ta miƙa. Baba Laraba ta kifa shi kan kwando, ta danna, ta ja, ta kara a kunne. Sai ta jefa shi cikin tarin waɗanda aka gama, ta ce a miƙo mata ruwa ta sha, rana ta yi.

Da la'asar, bayan matan sun watse, Najiba ta tsuguna gaban tarin tana neman nata don ta nuna wa Malam Salihu. Ta ɗaga wannan ta ajiye, ta ɗaga wancan, har ta bi su duka, ba ta gane shi ba.